Rasuwar Gungume, Soson Murza Ƙuguna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙugu mai cike da tsami, ni direban bas na gidan ƙarshen layi nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Gungume, mulmulallen soson nan shuɗi da nake kwanciya a kansa ina mirginawa don jijiyoyina su saki. Ya rasu a kicin ɗin Yayata, bayan gajeruwar jinya a hannun wuƙar yanka burodi.

Marigayin ya shigo rayuwata a lokacin da zaman kujerar mota ya ƙage ni, har ɗaure igiyar takalmi sai an taimaka mini. Kafin zuwansa Yaya ce ke yi mini tausa. Ga wanda bai san ta ba, ita ce mai kwaɓa fulawa a gidan burodin bayan tasha, kuma hannunta bai san bambancin kwaɓi da ƙanenta ba. Duk yamma takan zo ta kifa ni a tsakar ɗaki, ta dasa gwiwar hannu a gadon bayana, tana ba ni labarin duk wanda ya ɓata mata rai a ranar. In labarin ya yi zafi, a jikina take hucewa.

Gungume kuwa ba ruwansa. Mai haƙuri ne, mai rufin asiri, bai taɓa tambayata yaushe zan rage teɓa ba. Yakan bi sha-raɓa da cinya a hankali, in ya iske inda jijiya ta ɗaure ya tsaya har ta saki. Iyakar maganarsa "ƙiii" a kan tayil, bayana ya amsa da "ƙaras", ni in ce "wash". A dalilinsa na koma ina durƙusawa in duba taya in miƙe ba tare da na dafa komai ba. Daɗi ya kwashe ni na aika wa Yaya cewa ta huta, na samu mai yi.

Ciwon ajalinsa ya soma ranar da ta zo aronsa, wai wuyanta ya sage. Da hannuna na miƙa mata shi. Da na je karɓowa sai na tarar da shi a kan tebur, an yanyanka shi fala-fala.

"Au, ba na wanke-wanke ba ne?" in ji ta, tana goge tire da wani yankinsa. Can kuma, ba tare da ta kalle ni ba, ta ce, "Tun da abin nan ya shiga gidanka ko ruwa ban ƙara sha a ɗakinka ba. Ni wa zan ba labari?"

Ta ba ni tausayi ƙwarai, amma ƙuguna ya fi ba ni.

Ya rasu ya bar 'ya'ya da dama. Wasu na aikin wanke tire a gidan burodi, ɗaya na tokare da ƙofar banɗakin Yaya, autan kuma matata ta mai da shi wurin soke alluran ɗinkinta. Ya kuma bar wani ƙwallon tanis da aka sa ran zai gaje shi, amma tun a gwajin farko ya tsere ƙarƙashin gado.

Za a yi jana'izar guntun da ya rage gobe da safe, in motar shara ta iso. Ana roƙon masu rakiya su ɗauke shi da kansu, domin mai makoki ba ya iya sunkuyawa. Za a karɓi gaisuwa da yamma a falona. Za ku same ni kife a ƙasa, kada kowa ya yi yunƙurin cetona. Yaya ta riga ta naɗe hannun riga, ta ce tana da labarin wata da watanni, kuma yawancinsa a kaina ne.