Ranar da Motarmu Ta Nufi Tsamiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar ba, ko da yake gara in faɗa tun farko cewa ba komai zan iya rantsuwa a kansa ba. Shekara uku ke nan ko huɗu, kuma tsoro yana ƙara wa abu tsawo. Abin da na tabbatar dai shi ne damina ce, rana tsaka ce, kuma ni na zaɓi batirin.

Ban daɗe da gama bautar ƙasa ba wata ƙungiyar manoman shinkafa a Talata Mafara ta ɗauke ni aikin gwaji na wata uku. In shugabarmu Hajiya Rabi ta gamsu, a ba ni takardar zama ma'aikaci. In ba ta gamsu ba, in koma gidanmu a Maradun in ci gaba da zaman jiran waya. Tun ranar farko wani ya kira ni Injiniya saboda ya gan ni da kwamfuta a jaka, sunan kuwa ya zauna. Ni tattalin arzikin noma na karanta. Na yi niyyar gyara musu, wallahi na yi, sai dai kullum ina jiran lokacin da ya dace (lokacin bai zo ba sai da ya zo da kansa).

Ƙungiyar tana da mota guda mai shiga daji. A gabanta akwai winci, wato injin nan mai naɗe igiyar ƙarfe, wadda ake ɗaurawa a jikin itace mota ta jawo kanta daga laka. Da batirinta ya mutu sai Hajiya ta ce, "Ga Injiniya nan, shi zai zaɓo mana."

Kwana biyar na yi ina karatu a waya. Na cika shafi uku da lambobi, na ja layi da jan biro. Abin da na fahimta, ko nake zaton na fahimta, shi ne winci yana shan wuta sosai, don haka batirin da ya fi daɗewa yana ba da wuta shi ne gwani. Ranar kasuwa muka je shago da direbanmu Baba Isa, dattijon da ya fara tuƙi tun ba a haife ni ba. Na wuce batiran mota na nuna wani baƙi mai nauyi a kusurwa, wanda lambarsa ta fi ta kowa.

"Injiniya, wanga na sola na hwa," in ji Baba Isa.

Na ce, "Haka ne, Baba. Amma bisa abin da na karanta, mai yiwuwa ya fi jure wahala."

"Raƙumi na. Shina tahiya mai nisa sannu-sannu. Winci ko bajimi shika so, mai hizga wuri guda."

Na buɗe masa shafukana. Ya dube su yadda ake duban takardar asibiti, ya ce, "To, ku munka aika makaranta." Mai rewaya, wato mai gyaran wutar mota, ya sha fama kafin ya zaunar da shi, har sai da ya sake kan wayoyin. Da aka murɗa makulli motar ta yi wani nishi kafin ta tashi. Na ji nishin. Na gaya wa kaina sabon abu ne, bai saba ba.

Ranar Alhamis muka ɗauki taki za mu kai wa manoman Birnin Tudu, ni da Hajiya da Baba Isa. Dole mu dawo kafin la'asar, kuma ba sai na faɗi dalili ba, duk ɗan yankinmu ya san ba a son yamma ta yi wa mutum a hanya. Bayan mun wuce Bakura muka saki babbar hanya muka bi ta fadama. An yi ruwa da asuba. Ba mu yi nisa ba motar ta nutse har gindi, ta yi tari biyu ta mutu. Baba Isa ya murɗa makulli, ta yi nishi ta yi shiru.

Sai da muka fito na lura da wurin. Gonaki ko'ina, amma itace ɗaya ne tak, wata tsohuwar tsamiya a kan ɗan tudu gabanmu. Kunyoyin gonakin duk sun tsaya nesa da ita, kamar wani ya zana da'ira ya ce kada a ƙetare. Ciyawar gindinta ba a taɓa sa mata fartanya ba. A wani reshe akwai ƙyallen farin zane da ya koma ruwan toka. Kwaɗi suna ta kuka a bayanmu, amma ta wajenta ko tsuntsu babu. Inuwata tana ƙarƙashin ƙafata.

Manoma biyar ko shida suka taso daga gona, wani dattijo a gabansu. Aka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da ruwa da iyali, sannan ya dubi igiyar da Baba Isa yake warwarewa.

Ya ce, "Wagga tsamiya ba a ɗaura mata komi. Balle rana tsaka, masu wuri na hutawa. In ta zan dole, ku yi sallama ku roƙi izini."

Baba Isa ya yi sallama a hankali, ba tare da ya dubi kowa ba. Ni kuwa na ga Hajiya tana kallona, na ga dama ta samu. Na ce, "Baba, a iya sanina, kuma ina iya yin kuskure, itace dai itace ne." Na ja ƙugiyar da ke bakin igiyar na hau tudun, na zagaya gindin tsamiyar na maƙala. Ban yi sallama ba. Wurin yana da sanyi irin na cikin randa, amma na tsaya nan na ɗaga wa Baba Isa hannu.

Ya tsaya gefe ya danna maɓallin winci da ke hannunsa. Igiya ta miƙe. Winci ya fara gurnani, sai wani abu a gaban motar ya shiga yin kat-kat-kat kamar haƙoran mai zazzaɓi. Motar ta motsa, ta fito daga lakar a hankali. Manoma suka ce madalla. Baba Isa ya saki maɓallin.

Motar ba ta tsaya ba.

Ya sake dannawa ya saki. Ya zare wayar maɓallin gaba ɗaya ya ɗaga ta sama kowa ya gani. Motar ta ci gaba da tahowa, babu kowa a ciki, injinta a mace, tana hawa tudun tana wani nishi mai kama da na saniyar da aka yanka ba a gama ba. Wani siririn hayaƙi yana fita ta hancinta. Manoman suka ja da baya suna salati. Ina jin Baba Isa yana ihu in kauce, amma ina nan tsaye inda nake. Tsamiya a bayana, mota a gabana, reshen nan mai farin ƙyalle yana rawa alhali babu iska.

Abin da ya biyo baya ni ma labarinsa aka ba ni, sai dai bakin mutum bakwai ya zo ɗaya. Wai na juya na durƙusa gaban itacen na ɗaga hannu biyu.

"Salamu alaikum, masu wuri! Ku yi haƙuri! Ba ni na ce a ɗaura ba, Baba Isa ne! Ni ba injiniya ba ne, wallahi tattalin arzikin noma na karanta! Batirin ma a waya na gani!"

Ina rufe baki motar ta yi wani dogon numfashi ta tsaya, kamu biyu tsakaninta da bayana.

Dattijon ya gyaɗa kai ya ce, "Sun karɓa." Baba Isa ya buɗe gaban motar ya cire kan batir da gefen rawaninsa, sannan ya dube ni ya ce, "Ɗana, ni kab ba su?" Na waiga wajen Hajiya. Ta juya baya, kafaɗunta suna rawa, na ɗauka kuka take yi.

Baba Isa ya kwance igiyar, ya cire wayar winci ya mayar da kan batir, manoman suka tura motar ta tashi, muka sauke taki ba tare da an kashe ta ba, muka iso gida ana kiran la'asar. Washegari mai rewaya ya yi bayani. Batirin ya kasa ba da wuta mai ƙarfi lokaci guda, sai ɗan akwatin da ke kunna winci ya yi ta buɗewa yana rufewa har ya yi zafi ya manne. Tsayawar kuma wutar ce ta ƙare. Baba Isa ya ce, "Ka gani? Raggon batir ya tada hitina, raggon batir ya kashe ta." Na yarda da bayanin ɗari bisa ɗari. Duk da haka ban sake bin hanyar nan ba.

Sai da na je wajen limamin unguwarmu a kan batun durƙuson, don ya hana ni sukuni. Ya ce in yi istigfari, amma ya sa na maimaita masa labarin sau biyu, na biyun har da kiran ladan ya zo ya ji. Hajiya ta ƙara mini wata guda na gwaji, sannan ta ba ni takardar. Da take miƙa mini ta ce, "Na ɗauke ka don kana faɗin gaskiya. Amma nan gaba ka riƙa faɗa wa mutane, ba sai an kai ka gaban itace ba."

Darasin da na ɗauka, in har na ɗauka daidai, shi ne "ban sani ba" tana da sauƙin faɗi a tsaye cikin shago fiye da a durƙushe cikin laka. Wanda duk yake wurin ranar, in ya ga na ƙara ko na rage, don Allah ya aiko da gyara, zan karɓa. Batun cewa na yi kuka ne kawai nake roƙon a bincika sosai, domin ni a tunanina gumi ne.