Jitocin Shugaba Kuboyama

Duk tsibirin Oshima babu kunne irin na Shugaba Kuboyama Masatsugu. Wannan ba jita-jitar mutane ba ce, shi da kansa ya tabbatar, kuma shi mutum ne da ba ya faɗin abu sai ya auna. Shekara talatin da huɗu ya yi yana tantance lemo a rumbun manoma: manya nan, matsakaita can, masu tabo a kwandon matsewa. Ya yi ritaya da takardar yabo, da rula ta ƙarfe, da tabbacin cewa babu wata halitta a doron ƙasa da ba za a iya ba ta maki ba.

Da lemo ya ƙare masa sai ya juya kan jitar Hawai. Kakansa, kamar kakan kowa a nan, ya je saran rake a Hawai ya dawo da ciwon baya. Jikan ya ga bai kamata a ce iyakar abin da gidansu ya samo ke nan ba, sai ya shiga tara tsofaffin jitoci, irin waɗanda ake kwantarwa a cinya a riƙa zamar da guntun ƙarfe a kan tsirkiya. Bakwai ya tara. Ya yi musu kabad na gilashi a ɗakin baƙi, hotunan bikin 'yarsa suka koma lungun matakala. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana shugabancin ƙungiyar kiɗan Hawai ta garin, ba hamayya. A gabansa Shugaba ake ce masa. A bayansa, Sikelin Lemo.

Wanda bai ji Shugaba yana kwatanta jitocinsa ba, bai san daɗin rashin fahimta ba. Yakan sa farar safar hannu, ya lumshe ido, ya nuna ta farko, mai zagayayyen jiki da dogon wuya, wadda kowa ke kira Kasko.

"Wannan alminiyam ce zalla, ta girmi yaƙin duniya na biyu. Sautinta zaƙi takwas, tsami biyu, ɓawo siriri. Waccan baƙar kuwa, da aka yi da irin robar tsohuwar wayar tarho, lemon ƙarshen kaka ce. Nauyi gare ta, tana nishi daga ciki. Ita kuma mai wuya biyu da ƙafafu uku, yarinya ce mai rawar kai, ruwa da yawa, zurfi kaɗan. Matasa na son ta. Ba na ganin laifinsu, kunnensu bai nuna ba."

Mutane su gyaɗa kai. Wani baƙo, cikin rashin sanin al'ada, yakan ce a ɗan kaɗa musu su ji. Nan ne hazaƙar Shugaba take fitowa fili. Da bazara Kasko ba ta son zafi, ƙarfe ya miƙe, sauti ya karkace. Da sanyi Baƙa ba ta son a tashe ta. Da damina iska ta jiƙe. Ranar da yanayi ya daidaita kuwa, to, kunnuwan da ke ɗakin ne ba su shirya ba.

Gaskiyar maganar, wadda Shugaba ya binne a ƙasan zuciyarsa ya dasa furanni a kai, ita ce bai iya kaɗa ko baiti ɗaya ba. Sau ɗaya tak ya gwada, ranar da Kasko ta iso, bayan ya tabbata matarsa Sumie ta tafi kasuwa. Abin da ya fito ya sa karen maƙwabtansa, gidan Iwakiri, ya shige ƙarƙashin gida. Tun daga ranar ya gane cewa shi an halicce shi ne don hukunci, ba don wahala ba. Tsoronsa ɗaya a duniya shi ne ranar da garin zai gano haka, a tsige shi daga kujerar, ya koma tsoho mai rigar furanni kamar sauran tsofaffi.

Mai kaɗa wa ƙungiyar jita a zahiri wata tsohuwa ce mai busar da ƙananan kifi a bakin teku, Hamanishi Tsuruko, wadda ta girmi Shugaba da shekara shida. Jitarta wani katako ne da ko suna ba shi da shi, fenti ya saɓule, yana ƙarnin kifi. Shugaba ya taɓa ba shi maki uku cikin goma, ya ce don girmama shekarunta ne. Amma idan ta ɗora ƙarfe a kai, matan da ke rawa sukan manta da ciwon gwiwa.

Saura kwana goma a fara rawar Hawai da ake yi kowace Asabar da bazara, katakon Tsuruko ya mutu. Gishirin teku ya cinye wayar cikinsa. Ta zo gidan Shugaba da ledar busasshen kifi, ta rusuna a bakin ƙofa.

"Shugaba, ara mini ɗaya daga cikin amaren nan naka. Ko wacce ce. Na gaji da ganin su a kwance kamar marasa lafiya."

Hana ta ba zai yiwu ba, gari zai ji. Ba ta kuwa, zuciyarsa ta ƙi. Sai ya yi abin da manyan mutane ke yi idan an matse su, ya kafa kwamiti mai mutum ɗaya.

"Hamanishi-san, irin wannan ba a yin sa da garaje. Za a yi gwaji a gaban 'yan ƙungiya ranar Lahadi. Kashi biyu: sauti, da sauƙin kaɗawa. Wadda ta yi nasara ita za ta hau dandali."

Sauti dai yana da shi a baki tun tuni. Sauƙin kaɗawa ne bai san ta inda ake auna shi ba. Ya shiga ɗakin karatu na gari, ya samo mujallar jita, irin jitar da samari ke rataya a wuya suna danna tsirkiya da yatsu. A shafi na tara ya ci karo da jimlar da ta haskaka masa duniya: iya kusancin tsirkiya da katako, iya sauƙin kaɗawa.

Ya dawo gida da sassarfa, ya zaro rularsa. Kasko, tsirkiyarta na can sama, ana iya zura ɗan yatsa a ƙasa. Baƙa haka. Duk bakwai ɗin haka. Shugaba ya zauna a ƙasa, ƙwalla ta cika masa ido. Ashe ba laifinsa ba ne. Ashe duk shekarun nan hannunsa lafiya lau, masu ƙerawa ne suka yi sakaci, kuma a duk duniya babu wanda ya lura sai mai rula ɗaya a tsibirin lemo.

Bai tsaya ya tambayi kansa me ya sa Tsuruko ba ta taɓa danna tsirkiya da yatsa ba. Mai hukunci ba ya kallon hannun ma'aikaci.

Ya samo magagari. Kowace jita tana da ɗan jakin da tsirkiya ke hawa a kai a wajen wuya, shi ke ɗage ta sama. Kwana huɗu Shugaba yana goge su, ɗaya bayan ɗaya, da safar hannunsa fara. Sumie ta leƙo da shayi a rana ta biyu.

"Baban yara, ba kai ne ka hana ni ko share musu ƙura ba?"

"Ke shara za ki yi. Ni gyaran tarihi nake yi."

"To, tarihi yana zuba a kan tabarma. In ka gama ka kwashe."

Da ya gama ya auna. Duk bakwai sun kwanta lif, kauri ɗaya, kamar lemon da aka jera a kwali. Ya ɗauki guntun ƙarfen zai gwada, sai ya fasa. Ya mayar. Rula ta riga ta yi magana, me ya rage?

Ranar Lahadi da rana aka hallara a zauren unguwa, mutum ashirin da wani abu, an ci abinci a kwali, an ture kwalayen gefe. Jitoci bakwai a jere kan tebur mai farin ƙyalle. Shugaba ya miƙe da sabuwar riga mai furannin da suka fi kansa girma.

"'Yan uwa, yau rana ce da za a riƙa tunawa. Shekara casa'in waɗannan kayan suna ɗauke da wani aibi da ya ɓace wa maƙera, ya ɓace wa makaɗan Honolulu. Ba zan yabi kaina ba. Zan dai ce idon da ya ga tabo a jikin lemo daga taku biyar, bai tsufa ba. A ɓangaren sauƙin kaɗawa, dukkansu yanzu goma bisa goma. Hamanishi-san, ga su nan, ki more."

Tsuruko ta goge hannu a zaninta, ta sa faratan ƙarfe a yatsu, ta ɗora Kasko a cinya. Aka jona lasifika. Ta dubi tsirkiyar, ta ƙara duba, ta ɗaga kai ta dubi Shugaba. Ta ɗora ƙarfe ta zame.

Kwaram! Kar-kar-kar!

Ƙarfen ya danne tsirkiya ta haɗu da jikin jita, abin ya fito kamar ana jan bokiti a kan tsakuwa. Wata mai rawa ta dafe haƙoran robarta.

Shugaba ya riga ya lumshe ido tun kafin a fara, don haka bakinsa ya ci gaba da aiki shi kaɗai. "Kun ji wannan ɗan ɗaci-ɗacin na farko? Sai alminiyam ɗin da."

Ta ɗauki Baƙa. Kwaram. Ta jawo mai wuya biyu, wuyan farko kwaram, na biyu ma kwaram. Haka ta bi su har bakwai, da haƙuri irin na mai juya kifi a rana. Lallai an yi adalci, babu wadda ta fi wata.

"Wa ya taɓa jakunan nan?" in ji ta.

Shugaba ya buɗe ido.

"An… daidaita su."

"Da me?"

"Da magagari," in ji Sumie daga baya, tana ninke ƙyalle. "Kwana huɗu."

Tsuruko ta miƙa hannu kan teburin abinci, ta zaro tsinken cin abinci daga wani kwali, ta goge miyar a gefen zaninta, ta karya shi. Ta sassauta tsirkiyoyin Kasko, ta cusa guntun a ƙarƙashinsu wajen wuya, ta ɗaure, ta daidaita da kunne. Sannan ta zame ƙarfe.

Abin da ya fito Shugaba bai taɓa jin irinsa ba, alhali shekara goma sha ɗaya yana ba da labarinsa. Sauti ne garau mai dogon numfashi, ya tashi ya rataye a iska ya ƙi saukowa. Matan suka fara motsa kafaɗa daga zaune.

Ta mayar da tsinke kan Baƙa, ta gwada, ta ce wannan tana da murya mai kauri amma za ta kashe mata cinya kafin waƙa ta uku. Mai wuya biyu, ta ce tsirkiyoyin sun matsu da juna, sai mai siraran yatsu, ita nata sun kumbura da gishiri. Kasko ta ɗauka, domin wuyanta gajere ne daidai, ƙarfe yana karkata ba wahala, kuma in an ajiye ta a inuwa ba za ta yi gardama ba. Gwajin da aka ware wa yini guda ya ƙare kafin shayi ya huce, ba a taɓa rula ba.

Shugaba ya ga abin da ya rage masa ɗaya ne, ya faɗi da girma. In dai za a tsige shi, gara ya tsige kansa da jawabin da za a yi kuka, a riƙe masa riga, a roƙe shi. Ya cire safar hannu, ya ajiye a tebur, ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa Baƙa.

"'Yan uwa, akwai wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi ni kaɗai. Zai girgiza ku. Ina roƙon masu hawan jini su zauna da kyau. Ni, Kuboyama Masatsugu, wanda kuka ɗauka a matsayin kunnen wannan tsibiri, ban iya kaɗa jita ba. Ban taɓa iyawa ba. Saboda haka daga yau na ajiye shugabanci."

Ya tsaya a rusune yana jiran salati. Abin da ya ji shi ne ƙarar wani yana tsotsar shayi.

"Masa-chan," in ji Tsuruko, da sunan da ba a kira shi da shi ba tun yana gudu ba wando a bakin teku, "ɗago kanka kada jiri ya kwashe ka. Wa ya ce maka ba mu sani ba? Har karen gidan Iwakiri ya sani."

"To… to me ya sa kuke zaɓe na kowace shekara?"

Ta ci gaba da murɗa tsirkiya, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Kai kaɗai ke da motar ɗaukar lemo. Lasifikokin nan ba za su kai kansu dandali ba. Asabar ƙarfe uku, kuma ka wanke bayan motar."