Malam Tsaya-Cak da takun farko na Kumatu

Kun taɓa ganin mutumin da zai rataya kyamara uku a wuya don kawai zai je sayen sabulun wanka? To ku matso, yau sai kun ji labarin gwanin gwanaye, Babban Daraktan Haske da Inuwa. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ya sa aka ɗinka masa a bayan riga da zare ruwan gwal. Mata kuwa Malam Tsaya-Cak suke ce masa, a bayan ido mana, wa ya isa a gaban ido.

Kai mutumin nan ya haɗu. Rigarsa aljihu goma sha huɗu, hula a juye baya, tabarau a goshi ba a ido ba, in yana tafiya kyamarorin na karo da juna ƙwal-ƙwal kamar mai tallan kwanoni. Shekara ashirin ya yi yana ɗaukar hoton katin shaida a bakin ofishin rajista, da shuɗin ƙyalle da kujera mai ƙafa uku da rabi. Amma kar ku faɗa, shi cewa yake ya yi aiki da hukuma a fannin fuskokin al'umma.

Da waya ta cinye masa kasuwa sai basira ta zo masa, ya kama ɗaki a saman shagon tela, ya liƙa takarda a ƙofa wai ana koya wa iyaye mata ɗaukar hoton rayuwar iyali. Mata suka cika ɗakin, kowace da goyo da waya, keken tela na ƙara daga ƙasa, yara na kuka daga sama, shi kuma ya hau kan akwati don a gan shi da kyau.

"Iyayena mata, hoto ba wasa ba ne, hoto doka ce. Kunne biyu a waje, baki a rufe, haɓa sama, ido a kaina. Duk abin da ya motsa ya ɓata tarihi. Ku maimaita, tsaya cak!"

Suka maimaita. Satin farko kaf a kan riƙe numfashi aka ƙare shi, har wata mai ciki ta ga jiri. Sati na biyu ya nuna musu manyan ayyukansa, hoto arba'in, talatin da takwas shi ne a ciki yana riƙe da kyamara yana kallon nesa kamar an ce masa ga jirgi can, sauran biyun kuma inuwarsa ce.

Maman 'yan biyu ta kawo hoton yaranta a cikin baho, kumfa a ka, suna ƙyalƙyala dariya, duk ajin aka ce wayyo Allah. Shi kuwa ya ɗaga wayar da yatsa biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera.

"Ina kunnen hagu na wannan? Wannan kuma wa ya ba shi izinin dariya? Sifili!"

Kafin wata ya ƙare kowane gida yara sun jeru jikin bango fuska a murtuke kamar waɗanda 'yan sanda ke nema. Matar mai gyaran babur ta tura wa uwarta hoton jikoki, tsohuwa ta bugo waya tana salati tana tambaya me suka sata. Da Malam ya ji sai ya ce alhamdulillahi, aiki ya fara taɓa zukata.

To a cikin ajin akwai wata mai sanyin magana, Maman Kumatu, sunan 'yarta ke nan saboda kumatun kamar an hura. Ita ba don gayu ta zo ba. Baban yarinyar yana aikin gini a wata ƙasa mai nisa, ya tafi tana da wata biyu, haƙorin farko ya wuce shi, zama ya wuce shi, rarrafe ya wuce shi, kullum sai dai labari. Abu ɗaya ya roƙa, ya ce don Allah ranar da za ta fara tafiya ki ɗaukar min, kar wannan ma ya wuce ni. Ga Kumatu kuma ta fara dafa kujera tana miƙewa tana saki tana sake kamawa, yau ko gobe ne. Matar nan ko banɗaki da waya take shiga, girki ya ƙone sau nawa.

Da ta faɗa a aji sai Malam ya dafa ƙirji, kyamarori suka ce ƙwal.

"'Yata, kin zo gidan magani. Asabar da safe ni da kaina zan zo da duka ajin, za ku ga yadda ake kama tarihi da hannu ɗaya."

Ranar Asabar ya zo da jaka biyu da fitila mai lema da sanda mai ƙafa uku. Yana shiga falo ya toshe hanci da yatsa ya ce wannan ai ba gida ba ne, kasuwa ce. Aka kwashe kayan wasa, aka kwashe shanyar da ke kan kujera, aka kwashe takalmin baban da yarinyar ke son ja, aka cire labule, aka rataya shuɗin ƙyalle. Rayuwar iyali dai kaf aka tura ta ƙarƙashin gado. Kakar yarinyar, uwar baban, tana zaune a kan tabarmarta, ya ce Iya a yi haƙuri zanenki yana cinye min haske. Tsohuwa ta naɗe tabarma ta koma bakin ƙofar kicin.

Sannan ya miƙa kwando.

"Wayoyi! Dokar aji. In gwani na aiki ɗalibi ido ne nasa."

Maman Kumatu ta ƙanƙame tata, ta ce Malam ko dai a bar min tawa. Ya kalle ta ta saman tabarau, to ta ƙasa dai tunda a goshi yake, ta saka a kwando, ya ɗora kwandon can saman kabad.

Ya ɗora Kumatu a kujera ya ce tsaya cak, ta zame. Ya sake ɗorawa, ta sake zamewa ta kama ƙafar kujera tana tsotsa. Ya ce a bar ta ta huce, bari ya yi musu bayani, ya juya mata baya ya fuskanci mata ya gyara murya.

"Ɗalibaina, akwai daƙiƙar da ba ta dawowa. Mai hoto na gaske ba ya ƙifta ido. Ni nan da kuke gani ina da ido a ƙeya. Ko sauro ya yi niyyar tashi sai na riga shi sani."

Jama'a, a bayansa Kumatu ta miƙe. Ta saki kujera. Ta hango igiyar kyamara tana lilo a bayan wandonsa, ta ɗaga ƙafa, ɗaya! Mata suka ja numfashi, Malam ya ce na sani, maganar tana da nauyi. Biyu! Maman 'yan biyu ta dafe baki, ya ce a yi kuka ba komai, ni ma na yi ranar da na gane. Uku! Maman Kumatu ta yi tsalle tana miƙa hannu saman kabad ba ta kai ba, ta ce Malam bayanka, bayanka! Ya ce 'yata ba a katse ni. Huɗu, biyar, ta cafke wandonsa ta zauna daɓas tana dariya.

Kyamara uku a wuya, fitila a kunne, waya goma sha biyu a kwando, ko hoto ɗaya babu. Maman Kumatu ta sulale ƙasa ta rufe fuska da gyale, kuka take ba sauti, me za ta ce wa baban yarinyar.

Sai kawai aka ji namiji yana ihu daga bakin kicin.

"Ta taka! Wallahi ta taka! Iya kar ki motsa, biyar na ƙirga!"

Ashe Iya tana da tsohuwar waya a ɗaure a bakin zane, gilashi a fashe, ita ba ta san hoto ba ba ta san haske ba, abu ɗaya ta iya dannawa, kiran ɗanta na bidiyo. Tana ganin yarinya ta saki kujera ta danna ta miƙa hannu. Ga baban Kumatu can a cikin wayar da hular kwano a ka, ƙura a gemu, yana kuka yana dariya, abokan aiki sun rufe shi suna tafi. Ya ce na gani da idona, na ma danna na ajiye daga nan, ga shi na turo.

Hoto ya shigo wayar Iya. A karkace, dishi-dishi, yatsan Iya a gefe, rabinsa kuma bayan wandon Malam ne ya cika shi fam. Amma ga Kumatu nan ƙafa ɗaya a sama, hannuwa a buɗe, baki a wangale. Uwar ta rungume wayar ta rungume Iya ta rungume 'yar duk a lokaci ɗaya.

Malam ya leƙo ya taɓe baki.

"Wannan bai cika ƙa'ida ba. A maido ta kan layi ta sake takun farkon, yanzu na shirya."

Iya ta karɓi wayarta ta mayar bakin zane a hankali, ta ƙulle.

"Ɗan nan, na farko sau ɗaya ake yi. Amma kai da ka daɗe da iyawa, ga ƙofa nan, taka mu gani."

Ya taka kuwa, ƙwal-ƙwal har bakin titi, ba wadda ta ɗauka don wayoyin na saman kabad.

Don Allah in kun karanta kar ku bar shi a wayarku, ku tura wa duk uwar da ɗanta ya fara dafa kujera, ta riƙe wayarta da kyau ko wa ya miƙo kwando.