Silima A Falo, Motsi A Ɗakin Hajiya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa tsufa zai kwashe sauran abin da ke kaina, da daminar da silima ta shigo gidana a cikin kwalaye. Ina ba da labarin nan da bakina ne domin an daɗe ana ba da shi a Haɗeja da bakunan da ba nawa ba, kuma kowane baki da irin gishirin da yake ƙarawa.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin matsayina kafin abin ya auku. Na yi koyarwa, na yi hedimasta, na ajiye aiki ina sufeton makarantu. A majalisarmu ta ƙofar gida, inda dattawan unguwa kan taru bayan la'asar, ni ne mai yanke magana. Idan masunta suka kawo labarin macen da ake gani tana wanka a tsakiyar kogi da rana tsaka, ko wutar da ke yawo a fadama babu mai riƙe da ita, ni ake juyowa a duba. Nakan gyara zaman hulata in ce, "Aljanu gaskiya ne, Littafi ya faɗa. Amma mafi yawan waɗanda kuke gani, yunwa ce da ƙarancin bincike." (Na yi shekaru ina jin daɗin wannan jumla, har nakan ɗan dakata bayanta domin ta zauna.) Wannan suna na mutumin da ba ya razana shi ne dukiyar da na yi ritaya da ita.

Ɗana Sadiƙu, da ke aiki a Abuja, shi ya aiko da kayan. Akwai talbijin mai faɗin ƙofar ɗaki, da na'urar faifai da ake kira Bulure. Faifan nata kamar na sidi ne da muka sani, sai dai hotonsa tangaran yake, har kana iya bin gashin gemun mutum ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma wata doguwar lasifika mai siffar taɓarya, da wani baƙin akwati da ake ajiyewa a ƙasa, wanda ba shi da aiki sai gurnani.

Ya ce da ni a waya, "Baba, don Allah a bar su a kwali, ƙarshen wata zan zo in haɗa."

Na ce, "Sadiƙu, tun kafin a ɗaura aurena da mahaifiyarka nake harba majigi a makarantun Guri da Jahun, da janareta da farin ƙyalle. Ba yau za a koya mini kunna fim ba."

A yi mini adalci, haɗin ya tafi daidai. Waya ce mai faffaɗan kai daga na'urar zuwa talbijin, wata irinta daga talbijin zuwa lasifika, shi ke nan. Matsala ɗaya na samu, doguwar lasifikar ta fi teburina tsawo. Da na duba sai na ga ƙarshenta biyu suna zarewa, kowanne kamar ƙaramin burodi, babu waya a jikinsa. Na zare su, na kunna, sauti bai fasa fitowa ba. To a aikin gwamnati na dā an koya mana cewa duk abin da inji ke aiki ba tare da shi ba, safaya ne, kuma safaya ba a barinta a fili, adana ta ake yi.

Damina ce, ko'ina laima. Wurin da ya fi bushewa a gidan shi ne adakar katako ta matata Hajiya, Allah ya jiƙanta, a cikin ɗakinta, wanda ƙofarsa ke daidai bayan kujerata ta falo. Tun rasuwarta ɗakin a kulle yake, makullin a aljihuna. Na naɗe abubuwan biyu a cikin zanenta, na rufe adaka, na kulle ɗaki, na manta. (Da gaske na manta. Ita ce kaɗai kariyar da nake da ita, kuma na san ba ta da ƙarfi.)

Kallon farko na yi shi ne bayan azahar. Hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi duhu, iska ta ɗauke ɗif. A makon nan kogi ya cika ya batse, kowa hankalinsa na kan jingar da ke tare ruwa daga gari. Na zaɓi faifai guda cikin waɗanda Sadiƙu ya haɗo, labarin wasu Turawa ne da suka tare a wani tsohon gida a bakin teku. Hoton ya ɗauke mini hankali ƙwarai, ina ta jinjina wa kaina.

Can sai na ji motsin ruwa a bayana.

Ba a kan kwano ba, don ko ɗigo bai sauka ba tukuna. Ruwa ne mai nauyi, yana lasar bango a hankali. Na ce shi ke nan, jinga ta karye. Na fita tsakar gida, na same ta a bushe, kaji na kiwonsu. Na dawo na zauna, ina yi wa kaina faɗa. Ban jima ba na ji taku. Taku ne na mai jan ƙafa, a hankali, daga bayan ƙofar da ke kulle. Hajiya ta yi fama da ciwon gwiwa a ƙarshen rayuwarta, kuma wanda ya zauna da mutum shekaru masu yawa ba ya bukatar a faɗa masa takunsa.

Na danna rimot na tsayar da fim. Takun ya tsaya. Na saurara, ba na jin komai. Na saki fim, takun ya ci gaba. Na tsayar, ya tsaya. Kamar mai laɓe da ke jira in juya baya.

Washegari na sake kunnawa, wai da sunan bincike. A ranar ce aka ƙwanƙwasa katako daga ciki, sannan aka sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta mace, a shaƙe, kamar daga ƙarƙashin ƙasa. Ƙanwata Asabe, wadda ke riƙe mini gida tun da mijinta ya rasu, ta shigo da kwanon fura a daidai lokacin. Ta tsaya cak.

"Yaya Malam, wa ke ɗakin Hajiya?"

Na ce, "Ɓera ne."

Ta ce, "Ɓeran da ke ajiyar zuciya?"

Ta ajiye kwanon a ƙasa a hankali, ta fita da baya da baya.

A nan ne ilimina ya yi mini aiki, ya kai ni ya baro. Na zauna na jera hujjoji kamar mai rubuta rahoton makaranta. Motsin ba ya zuwa sai an kunna fim. Hajiya kuwa a rayuwarta ba abin da ta ƙi jini kamar kallo, takan ce da ni, "Malam, da furfurarka za ka zauna gaban akwati kana buɗe baki?" Saboda haka motsin nuna ɓacin rai ne. Na san sarai mamaci ba ya dawowa, kaina ya ce wani aljani mazaunin ɗakin ne ya ari takunta. Amma zuciyata ba ta yi makarantar horon malamai ba, ita cewa take yi Hajiya ce. Makulli na aljihuna, taku kaɗan ne tsakanina da ƙofar, na kasa. Na daina cin abinci sosai. Idan zan wuce ta gaban ƙofar, sai in tsinci kaina ina yin sallama a ƙasa-ƙasa.

Na ce wa Asabe ta aika a kira mini Goni Bukar a asirce. Goni mahaddaci ne, Babarbare, abokina tun na yarinta, kuma abokin wasana tun da ni Bafulatani ne. Asabe ta aika ta bakin maƙwabciyarta, ita kuma ta aika ta bakin mijinta, shi kuma ya isar da saƙon a tsakiyar majalisa. Bayan la'asar sai ga Goni da sandarsa, da dattawan unguwa a bayansa, har da waɗanda rabonsu da gidana tun zaman makoki.

"Kai Bafillace," in ji Goni tun daga ƙofa, "ashe akwai ranar da za ka nemi ubangidanka. Ka dai ci abinci kuwa? Kada mu tashi karatu ashe yunwa ce."

Aka yi dariya. Ban yi ba.

Ya ce, "To ina baƙon naka?"

Na ce, "Ba ya motsi sai an kunna fim."

Haka aka yi. Dattawa masu furfura suka jeru a kan darduma, kowa da carbinsa, suna kallon Turawa a bakin teku, ana jiran aljani. Wani har ya fara yaba hoton, yana cewa kamar ka miƙa hannu ka taɓa ruwan. Sai ruwan ya motsa a bayanmu. Mai yabon ya waiga. Takun ya biyo baya, ya zo daf da ƙofa, aka ƙwanƙwasa. Na dubi fuskar Goni na ga wasan ya ɗauke daga cikinta gaba ɗaya, kuma wannan ya fi takun tsorata ni. Ɗaya daga cikin dattawan ya tuna yana da uzuri a gida, ya tafi ya bar takalmansa.

Goni ya miƙe ya fara karatu da murya mai kauri, ya miƙo mini hannu. Na ba shi makulli. Ya sa shi a ƙofa. A daidai nan aka sake sauke ajiyar zuciyar nan. Na matsa gaba, na dafa ƙofar, a gaban dukan majalisata, hawaye na bin gemuna, na ce:

"Hajiya, idan ke ce, ki yafe mini. Wallahi gobe za a fitar da kayan nan daga gidan nan, ba za su ƙara kwana biyu ba."

(Na so in tsallake wannan wuri. Amma shi ne wurin da aka fi haddacewa a gari, har da kwaikwayon muryata.)

Ƙofa ta buɗe. Ƙamshin tsohon turaren wuta ya fito. Gado a shimfiɗe, takalmanta a inda ta bar su, babu kowa. Motsin kuwa bai fasa ba, daga cikin adaka yake fitowa. Goni bai yanke karatu ba, ya sa bakin sandarsa ya ɗaga murfin. Ƙarƙashin zanen wani shuɗin haske na ƙiftawa kamar ido. Na ji ana ta hasbunallahu a bayana. Ya sake sa sanda ya yaye zanen.

Na gane su nan take. Da ma ƙasa ta tsage in shige.

Ƙarar ruwan teku na ta fitowa daga cikin adaka. Goni ya sunkuya ya ɗauki guda, ya jujjuya shi, ya kara a kunne.

"Wa ya sa wannan a nan?"

Na ce, "Ni ne."

"Makullin ɗakin fa, a hannun wa yake zama?"

"A hannuna."

Ya gyaɗa kai. "Na yi karatu har gabas, na ji labarin aljanu masu fiffike, na ji na masu zama a kango. Amma wanda ake yi wa caji, sai a gidan Fillani."

Dariyar da aka yi a ɗakin matata ranar, ko a bikinmu ba a yi irinta ba. Ni kuwa, a ƙarƙashin kunyar, akwai wani abu da ban faɗa wa kowa ba sai yanzu. Da aka yaye zanen nan na ga ba ita ba ce, sai da na ji kamar an sake yi mini rashi.

Da na kira Sadiƙu, ya bayyana mini cewa ƙananan nan biyu da batir suke aiki, kuma a bayan mai kallo ake ajiye su, domin duk abin da ke faruwa a bayan mutanen cikin fim, kai ma ka ji shi a bayanka. Ya ce, yana danne dariya, "Ai Baba ka ma ajiye su daidai inda ya kamata."

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Washegari da hantsi sai ga Goni da a-daidaita-sahu a ƙofar gidana.

Na ce, "Lafiya?"

Ya ce, "Alkawari ka yi wa baiwar Allah, da rantsuwa, a gaban shaidu. Ka ce yau za a fitar da kaya. Ni kuwa ba zan bar bawana ya yi kaffara ba alhali falona na da fili."

Haka aka kwashe kayan. Asabe da kanta ta riƙa miƙo kwalaye, don ta riga ta rantse ba za ta ƙara zama gida ɗaya da abin da ke numfashi babu rai.

Yanzu duk Juma'a bayan an sauko nakan je gidan Goni in kalli faifaina a matsayin baƙo. Yakan ba ni kujerar tsakiya, kuma duk sanda aka yi motsi a bayanmu sai ya dafa gwiwata ya ce in kwantar da hankalina, yana nan. Abin da na koya, a shekarun da na zaci na gama koyo, shi ne mai ilimi bai fi kowa ƙarancin tsoro ba, ya dai fi kowa iya kafa wa tsoronsa hujja. Sannan idan har tsoron ya kai ka ga yi wa mamaci alkawari, to ka fara waiwayawa ka tabbatar babu Babarbare a bayanka.