Ƙwaryar da Na Raina

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da tseren jirage da muka yi a Argungu ba, lokacin jihar Kebbi tana sabuwa ɗal. Na ji wai yanzu har na'urori suna raba aiki tsakaninsu, kowace ta koyi tafiya da 'yan uwanta. To su dai su yi hattara da irina.

Kawu Ummaru ne mai jirgin unguwarmu, shi ya raba aiki. Masu filafili a gefe da gefe. Bawa, ɗan ƙanen babana, a baya yana tuƙi. Ni kuwa aka miƙo mini ƙwarya, wai in zauna tsakiya ina kwalfe ruwa, don jirgin yana yoyo. (Ni da na taɓa makarantar boko a Birnin Kebbi. Bawa ko allo bai wanke da kyau ba.) Duk atisaye 'yan mata suna kiran sunansa daga bakin gulbi, suna yaba hularsa, ni ina duƙe kamar mai wanke-wanke. Don haushi nake buga ƙwaryar nan a jikin jirgi, kwas, kwas.

Ranar tsere na shirga wa Bawa ƙarya, na ce Kawu ya ce mu yi musanya. Bai ko yi gardama ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Ashe masu filafili da bugun ƙwaryata suke daidaita hannu. Ba wanda ya tsara haka, su ma ba su sani ba, sabo ne kawai. Bawa kuwa a natse yake kwalfarsa, shiru. Na dama suka riga na hagu, filafilai suka yi ta karo, ni kuma na gano tuƙi ba tsayuwa da buɗe ƙirji ba ne. Jirgi ya juya, ya sake juyawa, ya nufi inda muka taso. Muka cake cikin laka a gaban mutanen unguwarmu, na faɗa ruwa da ka.

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, “Ɗan boko, kun riga kowa dawowa. Mi ad dabara?”

Har yau Bawa ne ake kira Direba, ni kuwa Ɗan Dawo.

Darasi? In an ba ka ƙwarya, riƙe ta. Amma har gobe ina cewa hular Bawa ce kawai ta fi tawa kyau.