Rasuwar Mai Rangwame, Manhajar Zanen Shafa'atu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fargabar abin da bai riga ya iso ba, Malam Lukuman Jatau na Kucheri, manomi kuma mai sayar da hatsi a kasuwar Tsafe, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar manhajar zane da ke cikin kwamfutar ɗiyarsa Shafa'atu, wadda mutanen gidan suka fi sani da Mai Rangwame. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a kan tabarma a tsakar gida, tana da shekara biyu da wata bakwai. Mai karatu ya sani tun daga nan cewa wannan rashi ba shi ne na ƙarshe ba. Idan ba a yi wani abu ba kafin Alhamis ta sama, aikin kammala karatun Shafa'atu zai bi ta.

Malam Lukuman yana neman afuwar malamai. Ya san manhaja ba rai gare ta ba. Sai dai ya ga irin zaman da ɗiyarsa ta yi gaban kwamfutar bayan abin ya faru, kuma bai san wani zama mai kama da shi ba sai na makoki.

Marigayiyar ta shigo gidan ne ta hannun kwalejin da Shafa'atu ke karatun safiyo, wato awon ƙasa, a Gusau. Makarantar ta yi yarjejeniya da wani kamfani na ƙasar waje, aka ce duk ɗalibin da sunansa ke cikin rajista zai same ta a farashi mai sauƙi. Abin da aka biya bai kai kuɗin buhun masara ba. Malam Lukuman ya karɓi rasit, ya kai aka lulluɓe shi da leda mai tauri, ya ajiye shi tare da takardun gona. A saninsa, abin da mutum ya biya ya karɓi rasit ya zama nasa, kamar garma, kamar keken ɗinki.

An shaide ta da haƙuri. Idan aka buɗe ta sai ta ce “tirrin” sau ɗaya, sannan ta shiga huci a hankali kamar mai hura wuta. Ba ta taɓa jan layi a karkace ba. Wuta ta ɗauke tana tsakiyar aiki, ta dawo ta ci gaba daga inda ta tsaya, ba ƙorafi. Ita ce ta fitar da iyakar gonar gado tsakanin Malam Lukuman da ƙanensa Bashiru, maganar da dattawa uku suka zauna a kanta suka tashi haka nan. Ma'u, mahaifiyar Shafa'atu, ba ta karanta boko, amma ranar da aka nuna mata zanen gidansu ta ɗora yatsa daidai madafi ta ce, “Nan kam nawa ne, sai dai kin rage mini shi.”

Babban aikinta shi ne na Bunguɗu. Mako bakwai Shafa'atu ta yi tana awo a wata unguwa da ruwa ke shiga ɗakuna duk damina, ta dawo da ƙafafu duk faso. Daga awon nan marigayiyar ta fitar da zane arba'in da uku na magudanan ruwa. Su ne aikin da za a duba a ba yarinyar takardar kammalawa. Ba a cikin kwamfutar take ajiye su ba. Tana kai su wani rumbu na kamfanin a intanet, a ƙarƙashin sunan makaranta. Wannan ma sai daga baya Malam Lukuman ya fahimta.

Ciwon ajalinta ya fara ne a kan hanya. An tare wata mota tsakanin Tsafe da Gusau. Wani da ya kuɓuta ya faɗa a kasuwa cewa duk wanda aka samu da kwamfuta a jaka gefe ake ware shi, a ce ɗan masu hali ne. Malam Lukuman ya kwana uku da maganar, ya yanke cewa ba yarinya ba kwamfuta da za su sake hawa hanyar nan sai abin ya lafa. Shafa'atu ta durƙusa ta ce, “Baba, ba saye muka yi ba, aro ne. Idan sunana ya fita daga rajista, ita ma ta fita.” Ya ɗauko mata rasit ya nuna. Ta tashi ta shiga ɗaki, shi kuma ya ɗauka ta gamsu.

Da kansa ya je makarantar ya cike fom na jingine zango ɗaya. Magatakardan da ya karɓa ya ɗago kai ya tambaya, “Malam, akwai wani abinta da ya rage a nan da ya kamata ta kwashe?” Malam Lukuman ya ce, “Babu. Katifa da bokiti da risho duk mun kwaso.” Aka buga hatimi. Ya dawo gida yana jin ya yi abin da uba ke yi.

Kwamfutar kuwa ya naɗe ta da leda, ya ƙara da tsohon zanen Ma'u, ya tura ta can ƙasan rumbu, ya jera damman dawa a kai. Wata biyar ta yi a wurin. Gara ba ta taɓa ta ba, ɓera bai taɓa ta ba, ɓarawo bai san da ita ba. A cikin watannin nan, an ce kamfanin ya aiko da gargaɗi sau huɗu ta imel ɗin makaranta, wanda babu mai buɗe shi a Kucheri.

Ranar Talata, da lokacin komawa ya yi, aka fito da ita. Bashiru ya kawo janareta, Shafa'atu ta haɗa ta da sabis ɗin wayarta. Marigayiyar ta ce “tirrin” kamar yadda ta saba, har Ma'u ta yi hamdala. Sai wani ɗan akwatin rubutu ya fito a tsakiya. Shafa'atu ta karanta, ta sake karantawa, ta sa kalmar sirri. Marigayiyar ta ce “tin”. Ta sake sawa. “Tin.” A na uku ba ta ce kome ba, hucin nan ya tsaya. Rubutun ya ce mai wannan suna ba ɗaliba ba ce, kuma abin da ta ajiye a rumbun kamfani za a share shi nan da kwana tara.

Shafa'atu ba ta yi kuka ba. Ta rufe kwamfutar ta miƙa wa mahaifinta da hannu biyu, ta ce, “Baba, a mai da ta rumbun. Yanzu ba wanda zai ɗauke ta.”

An nemi magani. Washegari Malam Lukuman ya kai ta shagon Gideon mai gyaran kwamfuta a Sabon Garin Gusau. Gideon ya duba ciki da waje ya ce, “Baba, injin nan ya fi ni lafiya. Abin da ya mutu ba ya cikin shagona.” Ya ce zai iya sa wata ta bayan fage wadda za ta yi zane, amma ba ta da makullin rumbun kamfanin. Da aka tambaye shi farashin da ba na ɗalibai ba, ya buga a waya, ya juyo da ita ba tare da ya furta ba. Damina biyu ba za su biya shekara ɗaya ba. Ko an biya ma, in ji shi, zanen na ƙarƙashin sunan makaranta, makaranta ce kaɗai za ta buɗe ƙofar. A ofishin kwamfuta na makarantar, wata ma'aikaciya mai kirki, Madam Alheri, ta ce an mai da sunan yarinyar cikin rajista, amma mutum ɗaya ne ke da ikon aika suna ga kamfanin, kuma ya tafi kwas. Ta ce a leƙo ranar Litinin.

Marigayiyar ta rasu ta bar kwamfuta ɗaya mai ƙoshin lafiya da cajarta. Ta bar rasit da ko ƙura bai yi ba. Ta bar 'yar'uwarta da ke raye a kwamfutar Dibora, ƙawar Shafa'atu, wadda iyayenta suka bar ta tana karatunta a Gusau duk tsawon lokacin. Dibora ta ce a zo a yi aiki da tata, sai dai babu abin da za a buɗe a ciki. Ta bar marayu arba'in da uku a rumbun da babu wanda ya san ƙasar da yake. Ta bar littafin awon Bunguɗu, wanda ruwa ya jiƙa rabinsa. Ta bar yarinya da ke gaida mahaifinta safe da yamma da cikakken ladabi, ba ta ƙara kalma ɗaya a kai.

Masu zuwa gaisuwa su daina cewa laifin kamfani ne ko na makaranta. An gaya wa Malam Lukuman, an kuma tambaye shi. Har yau idan ya tuna motar nan ba ya jin zai iya yanke wani hukunci dabam game da ɗiyarsa. Amma da ya bari ta buɗe kwamfutar ko na awa ɗaya a Tsafe ta sauke zanenta, da ba a rubuta wannan takarda ba.

Za a yi zaman makoki a kan bencin da ke ƙofar ofishin kwamfuta na makarantar, daga Litinin zuwa Alhamis, ƙarfe takwas zuwa tashi. Malam Lukuman da Shafa'atu za su sauka gidan iyayen Dibora, waɗanda suka ba da ɗaki tun kafin a roƙa. Ba a buƙatar abinci. Wanda ya san lambar wayar jami'in nan da ya tafi kwas, ko ya san wanda ya san shi, wannan ita ce gaisuwar da ake so. Jana'iza ranar Juma'a da ƙarfe goma a shagon Gideon, inda za a goge abin da ya rage nata daga kwamfutar. Masu tasowa daga Tsafe da 'Yankuzo kada su fito kafin rana ta ɗaga, kuma su kama hanyar gida kafin la'asar.

Har zuwa lokacin da aka rubuta wannan sanarwa, ba a san ranar da jami'in zai dawo ba. Ba a san ko Alhamis ɗin kamfanin da safe take farawa ko da yamma ba. Ba a kuma san ko gawa ɗaya za a binne ranar Juma'a ba, ko arba'in da huɗu.