Autata da Famfon Mai Girma

Jama'a, yau saura ƙiris in kai gaba a layin mai, bayan na yini ina tura akwalar babur ɗina, sai waya ta yi ƙara. Hedimasta ne. "Baban Auta, ka zo yanzu-yanzu, 'yarka ta jiƙa mana aiki." Na bar wa maƙwabcina mai faci babur, na ari ta kare.

Bari in ɗauko muku daga tushe. A bana aka kawo wa makarantarsu sabon tsari, wai koyo ta hanyar tambaya da bincike. Yaro ya tambaya, ya bi diddigi, ya faɗi gaskiyar abin da ya gani, da haka za a gina masa hali nagari. Tun ranar ban sake shan ruwa da daɗi a gidana ba. Kullum Auta cikin tambaya take: ina wuta ke zuwa in an ɗauke ta? Don me na ce a gaya wa mai sallama ba na nan, alhali ga ni kwance?

To, wanda ya kawo tsarin, Mai Girma Garkuwar Allo da Alli, Allah ya ƙara wa kumatunsa sheƙi, shi ya zo buɗe famfon da ya yi wa makarantar. Ya yanke ƙyalle, ya murɗa, ruwa ya zubo shaa, aka ɗauki tafi. Daɗi ya kwashe shi, ya ce, "Yarana, matambayi ba ya ɓata. Wa ke da tambaya?"

Auta, 'yar aji uku, ta ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, in Baba maigadi ya gaji, wa zai karɓe shi?"

"Ya gaji da me, 'yata?"

"Da zuba ruwa. Mun bi bututun yadda Malama ta koya mana, sai ya kai mu wani durom a bayan katanga."

Yara suka kwasa a guje, masu ɗaukar hoto na biye. Ga Baba maigadi bisa tsani, rungume da bokiti. Da ya ga taro sai ya washe baki ya ce, "A ƙaro ne?"

Na tarar da hedimasta yana sharce gumi. Wai ko Auta ta fito ta ce idonta ne ya yi mata gizo, ko ta bar makarantar, Malama kuma ta haɗa kayanta. Yarinyar ta riƙo hannuna. "Baba, in ce ban gani ba?"

Na dube ta na ce, "Uwata, abin da kika gani kin gan shi."

Muna cikin haka sai ga ɗan koren Mai Girma yana haki. Ashe hoton ya riga ya zaga gari, kuma Mai Girma ya sanar cewa shi da kansa ya sa a ajiye durom ɗin don ya gwada basirar yara, sun kuwa ci jarrabawa! Kai, hangen nesa sai manya. Malama ta sha yabo, Auta ta samu fensir, famfo kuma ya tafi hutu.

Da na ba mai faci labari, dariya ta kusa kayar da shi. Ya ce, "Maƙwabci, ara mini ita ta leƙa mana bayan gidan man nan."

Af, na ji wata mai zuwa Mai Girma zai dawo buɗe sabon ɗakin karatu. Auta ta ce sun riga sun leƙa ta taga. Ni dai na kashe wayata.